Ku Tambaya Mu Amsa: Kabari biyu a Urushalima, ruwan Urdun, da sauran tambayoyin masu niyyar ziyara

Salama a gare ku masu karatu. Wasiƙun da suka shigo wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ziyarar ƙasa mai tsarki, wasu sun riga sun je sun dawo da tambayoyi, wasu kuma yanzu suke ɗaura niyya. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu saboda fili, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni dai shekara huɗu kenan ina tara kuɗi ina so in je Urushalima in ga inda Ubangijinmu ya taka da ƙafarsa, amma maigidana ya ce wai ba dole ba ne, babu inda Littafi ya ce sai an je. Ni kuma raina ya ƙi kwanciya. Dan Allah wajibi ne ga mai bi ko a'a? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yata, maigidanki ya faɗi gaskiya, ba wajibi ba ne. Ki buɗe Yahaya sura 4 inda matar nan Basamariya ta tambayi Yesu wurin da ya dace a yi sujada, kan dutsensu ne ko a Urushalima, ai ya gaya mata lokaci na zuwa da ba dutsen ba Urushalima, masu sujada za su yi ta cikin ruhu da gaskiya. Kuma wannan tambayar taki ba yau aka fara yin ta ba. Wani bishop mai suna Giregori na Nissa ya je Urushalima wajen shekara ta 380, da ya dawo ya rubuta cewa lokacin da Ubangiji ya lissafa ayyukan waɗanda za su gaji mulkin sama bai sa zuwa Urushalima a ciki ba. Shi ma Jerom, wanda ya zauna a Baitalami tun 386 har ya rasu a 420, can ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta wa wani abokinsa cewa ƙofar sama a buɗe take daga Birtaniya kamar yadda take a buɗe daga Urushalima. To kin ga mutumin da ya shekara talatin da wani abu a wurin ne fa yake faɗin haka.

Amma kuma kar wannan ya sa ki ɗauka marmarin da kike ji shirme ne. Tun ƙarni na 2 masu bi suke zuwa. Akwai wata mata Egeriya da ta taso daga can yammacin Turai ta yi yawon wuraren nan daga 381 zuwa 384, har Dutsen Sina'i ta hau, tana rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida abin da ta gani, kuma duk inda ta isa sai an karanta nassin da ya shafi wurin an yi addu'a. Wannan shi ne amfanin tafiyar a ganina, tana buɗe miki Littafin da kika daɗe kina karantawa.

Bari in ba ki misali ɗaya. Sau nawa kika ji an karanta Luka 10, wani mutum yana gangarawa daga Urushalima zuwa Yariko ya faɗa hannun 'yan fashi? Ni dai kalmar gangarawa ɗin nan ban taɓa tsayawa a kanta ba sai ran da bas ɗinmu ta kama hanyar. Urushalima tana kan tudu wajen mita 750 sama da teku, Yariko kuwa tana wajen mita 250 ƙasa da teku, wato gangaren mita dubu ɗaya a tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, kunnuwa har toshewa suke, hagu da dama duwatsu ne tsirara da kwazazzabai babu ko itace ɗaya da mutum zai fake, nan take na gane me ya sa 'yan fashi suke son hanyar, na kuma gane irin kasadar da Basamariyen nan ya yi da ya tsaya. Shikenan tun daga ranar karatun wurin ya canja mini.

Saboda haka in kuɗin naki ne, ba bashi za ki ci ba, ba kuma abincin yara ko makarantarsu za a taɓa ba, ki zauna da maigidanki ku yi magana cikin natsuwa, ki nuna masa kin yarda ba dole ba ne, koyo za ki je yi. In kuwa tafiyar za ta kawo rigima a gida ki dakata tukuna, duwatsun nan ba inda za su je.

TAMBAYA: Baba ni na je na dawo amma na dawo da ruɗani. Da safe an kai mu wani babban coci mai duhu an ce nan ne kabarin Yesu, da yamma kuma aka kai mu wani lambu mai kyau aka ce ga kabarin. Na tambayi mai yi mana jagora sai ya yi murmushi kawai. Wanne ne na gaskiya? Ko dai kasuwanci ne ake yi da mu? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya je sai wannan ta dame shi, kuma gara a yi maganar a fili.

Abin da Littafi ya ba mu shi ne, wurin yana kusa da birni amma a bayan ganuwa (Yahaya 19:20 da Ibraniyawa 13:12), akwai lambu a wurin, kabarin kuma sabo ne da aka sassaƙa cikin dutse, ba a taɓa sa kowa ba. To mutum ya je yau ya tarar da Cocin Kabari Mai Tsarki a tsakiyar kasuwa cikin tsohon birni, dole ya ce ina bayan ganuwar? Amsar ita ce ganuwar da kake gani yanzu ba ta zamanin Yesu ba ce, Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ne ya gina ta wajen 1537 zuwa 1541. A zamanin Yesu wurin da cocin yake a waje yake, tsohuwar mahaƙar duwatsu ce da aka daina aiki a cikinta mutane suka riƙa sassaƙa kaburbura a jikin dutsen, sai a shekarun 41 zuwa 44 sarki Hirudus Agaribas ya fara sabuwar ganuwa da ta shigar da unguwar cikin gari. In ka zagaya bayan kabarin akwai wani ɗan ɗaki na Suriyawa, baƙi ƙirin da hayaƙi, in ka haska fitilar waya ta wata ƙaramar ƙofa za ka ga ramukan kaburbura irin na Yahudawan ƙarni na farko, kuma Yahudawa ba sa binne gawa cikin gari, wannan kaɗai ya isa shaida cewa wurin a bayan gari yake a lokacin.

Wajen shekara ta 135 sarkin Roma Hadriyan ya cike wurin da ƙasa ya gina haikalin gumaka a kai. Da sarki Kwanstantin ya ba da izini a nemi kabarin wajen 326, masu bi na Urushalima nan suka nuna, ƙarƙashin haikalin, a cikin gari, wurin da sai an rushe babban gini kafin a haƙa. Ka yi tunani, da ƙage suke yi ai da sun nuna fili a bayan gari inda zai yi daidai da nassi ba tare da wahala ba. Aka rushe, aka haƙa, aka sami kabari, aka keɓe cocin a 335. Ginin ya sha wuya, sojojin ƙasar Farisa sun ƙona shi a 614, halifa al-Hakim ya sa an rushe shi a 1009, aka sake ginawa, yawancin abin da kake gani yau na 1149 ne, ɗan ginin da ke kan kabarin kuma na 1810 ne bayan gobarar 1808. A watan Oktoba 2016 masana daga wata jami'a ta Atina da suke gyaran ɗan ginin suka ɗaga marmarar da ta rufe kabarin suka ga ainihin dutsen a ƙasa, gwajin da aka yi wa turɓayar da aka liƙe shi da ita ya nuna wajen shekara ta 345, wato 'yan shekaru kaɗan bayan rasuwar Kwanstantin ɗin ne dai.

Shi kuma Kabarin Lambu da ke kusa da Ƙofar Dimashƙu, a 1867 aka gano shi. Wani janar ɗin Ingila mai suna Godon ya zo a 1883 ya ga dutsen da ke gefensa kamar ƙoƙon kai ya yarda nan ne Golgota, a 1894 wata ƙungiya daga Ingila ta sayi filin, su ne suke kula da shi har yau. Matsalar ita ce masu binciken kayan tarihi sun duba yadda aka sassaƙa shi sun ce na ƙarni na 8 zuwa na 7 ne kafin haihuwar Almasihu, wato zamanin su Ishaya, to ka ga ba zai zama sabon kabari ba a ranar da Yusufu mutumin Arimatiya ya sa jikin Ubangiji. Su kansu masu kula da lambun, in ka saurare su da kyau, ba sa cewa tabbas nan ne, cewa suke mai yiwuwa ne, kuma ba sa karɓar kuɗin shiga, saboda haka maganar kasuwanci ba ta taso ba.

Ra'ayina kenan, hujjar tarihi tana wajen tsohon cocin, nesa ba kusa ba. Amma na san dalilin da ya sa da yawanmu zuciyarmu ta fi kwanciya a lambun. Akwai shiru, akwai furanni, ana ba ku wuri ku zauna ku yi waƙa ku ci jibin Ubangiji, idonka yana ganin yadda kabarin dutse yake. Cocin kuwa turare, kyandir, turereniya, layin awa ɗaya ko biyu, ka shiga kabarin ko addu'ar Ubangiji ba ka gama ba mai tsaron ya ce a fito. Ran da na fara shiga ni ma raina bai so ba. Sai na koma washegari da asuba, na tsaya kusa da dutsen nan da ke bakin ƙofa wanda ake tunawa da shafe jikin Yesu a kansa, wata tsohuwa da ban san ƙasarta ba ta durƙusa ta zuba mai mai ƙanshi a kan dutsen tana shafawa da ɗankwalinta tana kuka a hankali, ta naɗe ɗankwalin ta sa a ƙirji, babu abin da na fahimta cikin yarenta sai sunan Yesu. Ba irin sujadar da na saba ba ce amma ban isa in ce ba sujada ba ce.

In Allah ya sa ka koma, ka hau rufin cocin ka gaida 'yan'uwanmu na Habasha da ke zaune a ƙananan ɗakuna a can. Ɗariƙu shida ne suke raba ginin, Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawa, Habashawa da Suriyawa, kowa da iyakarsa bisa dokar da aka tabbatar a 1852, shi ya sa za ka ga wani ɗan tsani na katako a ƙarƙashin taga sama da ƙofar shiga da ya fi shekara ɗari biyu a wurin don ba mai ikon taɓa shi shi kaɗai. Wannan kam abin baƙin ciki ne gare mu, alhali Yesu ya yi addu'a mu zama ɗaya. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun gidaje biyu na Musulmi tun ɗaruruwan shekaru, gidan Juda suna ajiye shi, gidan Nusaiba suna buɗewa.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne, abokina ya ce duk wuraren nan daga baya aka ƙirƙire su, babu wani abu da aka tono da ya yi daidai da Littafi. Me zan ce masa?

AMSA: Ɗana, ka fara da yarda da inda yake da gaskiya. Wasu wuraren al'ada ce ta ajiye su, misali Hanyar Gicciye mai tasha 14, yadda ake bin ta yau daga baya aka tsara, masana da yawa ma suna ganin Bilatus ya yi shari'ar ne a fadar Hirudus kusa da Ƙofar Yafa, wato wani ɓangaren birnin daban. Itatuwan zaitun na Getsamani ma gwajin da aka fitar a 2012 ya nuna uku daga cikinsu na ƙarni na 11 da na 12 ne.

Amma ya ce babu komai? A 1961 an tono dutse a Kaisariya da sunan Bilatus da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. A 1990 an sami akwatin ƙasusuwa a Urushalima mai ɗauke da sunan gidan Kayafa. A 1993 a Tel Dan an sami rubutun wani sarkin Suriya da ya ambaci gidan Dawuda. Tafkin Siluwam inda makahon nan ya wanke ido, masu gyaran bututun ruwa ne suka ci karo da matakalansa a 2004. Ramin ruwan da sarki Hezekiya ya haƙa (2 Sarakuna 20:20) yana nan, mita 533, mutane suna bi ta ciki da tocila ruwa har gwiwa. Tafkin Baitasda mai shirayi biyar an tono shi kusa da Cocin Hannatu, tafki biyu ne da bango a tsakani, huɗu a kewaye ɗaya a tsakiya, biyar cif. Sai naɗaɗɗun littattafan Kumran da aka fara samu a 1947, cikinsu akwai littafin Ishaya kusan cikakke, tsawonsa ya fi mita 7, an rubuta shi fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Yesu. Waɗannan ba su ne bangaskiya ba, dutse ba zai tabbatar maka da tashin matattu ba, amma sun nuna marubutan sun san ƙasar da mutanen da suke magana a kansu.

TAMBAYA: Baba an yi mini baftisma tun ina budurwa. Yanzu za mu tafi, 'yan ƙungiyarmu sun ce kowa zai sake yi a Kogin Urdun don wai ta can ta fi ƙarfi. Sannan mutane sun cika ni da saƙon in kawo musu ruwan don warkarwa. Ya zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Mama, baftismarki ta farko ba ta da wani naƙasu da ruwan Urdun zai cike. Afisawa 4:5 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Baban nan na Habasha a Ayyukan Manzanni 8, daga Urushalima ma yake dawowa, ruwan bakin hanya ya gani ya ce ga ruwa me zai hana, Filibus bai ce masa su nemi Urdun ba. Abin da ƙungiyoyi da yawa suke yi shi ne sabunta alkawarin baftisma, a shiga ruwan a karanta Matiyu 3 a yi addu'a, wannan ban ga laifinsa ba, yana ma da daɗi. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan maganar nan, saboda haka ki ji ta bakin fastonki tun kafin ku tashi, kar sai kin tsaya bakin ruwa da farar riga kowa yana kallonki.

Ki kuma san wurare uku ne. Yardenit yana arewa inda kogin ya fito daga Tekun Galili, an buɗe shi a 1981 domin masu ziyara, ruwansa ya fi tsabta, akwai matakala da ƙarafunan riƙewa, amma ba can ake ganin Yahaya ya yi baftisma ba. Wurin da tarihi ya fi nunawa yana kudu kusa da Yariko. A gaɓar yamma sunansa Ƙasr al-Yahud, an rufe shi shekaru da yawa bayan yaƙin 1967 saboda nakiyoyi, a 2011 aka buɗe wa kowa. A gaɓar gabas cikin ƙasar Jodan kuma Al-Magtas ne, shi ne Betanya ta hayin Urdun da Yahaya 1:28 ta ambata, akwai kufan tsofaffin coci-coci, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Ki shirya ranki, kogin ba kamar yadda muke rera shi a waƙa yake ba. A can kudu ɗan siriri ne, ruwan ƙasa-ƙasa, ciyayi ta ko'ina, faɗinsa 'yan mitoci ne har kina iya gaisawa da waɗanda suke tsallake a Jodan, saboda an karkatar da yawancin ruwan tun daga sama domin sha da noma. Ran da na gan shi sai Na'aman ya faɗo mini a rai, da ya yi fushi ya ce ashe kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, ba su fi wannan ba? Kuma da ya warke ai bai ce ruwan ne ba, cewa ya yi yanzu ya sani babu wani Allah sai na Isra'ila. Saboda haka in za ki ɗebo ɗan kaɗan a kwalba don tunawa ki ɗebo, ki sa a babbar jaka ba ta hannu ba, amma dan Allah ki gaya wa masu saƙon kar kowa ya sha, ruwan ba shi da tsabta, kar kuma mara lafiya ya ajiye maganinsa saboda shi.

TAMBAYA: Yaya maganar tsaro da takardu, kuma wane wata ya fi? Daga wani dattijon ikkilisiya.

AMSA: Ranka ya daɗe, tun yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 abubuwa suna canjawa da sauri, kamfanonin jirage sun sha soke tashi, a Kirsimetin shekarar ma Baitalami ba ta yi bikin fili ba. Saboda haka kar a biya kuɗi sai an ga a rubuce abin da zai faru in an fasa tafiya, a kuma yi inshorar lafiya. Baitalami kilomita 10 ce kawai daga Urushalima amma tana ƙarƙashin hukumar Falasɗinawa, akwai shingen bincike, fasfo ya kasance a jikinku tare da 'yar takardar da ake bayarwa a filin jirgi maimakon hatimi, kar ta ɓata. Kuɗin Isra'ila shekel ne, na Jodan dinari. Daga faɗuwar rana ranar Juma'a zuwa daren Asabar ana Asabaci, bas-bas na gwamnati da shagunan Yahudawa a Urushalima a rufe suke. In za ku hau harabar masallacin Ƙudus a bar Littafi da gicciye a mota, ba a shiga da su, a Bangon Yamma kuma, inda Yahudawa suke addu'a, maza da mata wurinsu daban, maza su rufe kai. Maris zuwa Mayu ko Oktoba da Nuwamba sun fi, Yuli da Agusta zafin Yariko da Tekun Gishiri yana wuce digiri 40, Disamba zuwa Fabrairu kuma ruwan sama da sanyi. Sannan in kun je Baitalami ku yi sayayyar tsarabarku wajen masu sassaƙa itacen zaitun, da yawansu masu bi ne kuma da masu ziyara suke ci, in da hali ku yi sujadar Lahadi tare da su.

TAMBAYA: Baba mahaifiyata shekararta 74, tana fama da ciwon gwiwa, amma kullum maganarta ita ce ta ga Galili kafin Ubangiji ya kira ta. Mu 'ya'yanta mun haɗa kuɗin, ni zan raka ta. Za ta iya kuwa? Tsarin tafiyar har da Dutsen Sina'i.

AMSA: Allah ya yi muku albarka 'yata, za ta iya in likitanta ya yarda, amma ba komai za ta yi ba, kuma ke ce za ki riƙa cewa a'a a madadinta don tsofaffi ba sa son a ce sun gaza.

Sina'i kam ki cire mata hawan. Tsayinsa mita 2,285, cikin dare ake fara hawa don a ga fitowar rana, sanyi kamar me, raƙuma ma ba sa kaiwa ƙoli, matakala wajen 750 na ƙarshe da ƙafa ake yi. Ta tsaya a gindin dutsen ta ga gidan sufaye na Katarina wanda aka gina tun ƙarni na 6, ya ishe ta. Tsohon birnin Urushalima mota ba ta shiga lungunansa, Hanyar Gicciye wajen mita 600 ce kawai amma hawa ce da matakala, duwatsun sun sha tafiya sun yi santsi, ga masu tura kaya, ki saya mata takalmi mai riƙe ƙasa da sanda. Gangaren Dutsen Zaitun ma yana cin gwiwa, ta kalli birnin daga sama sannan ta bi mota ta same ku a Getsamani. A Baitalami ƙofar cocin ba ta fi mita 1.2 ba, dole a sunkuya, matakalan sauka kogon haihuwa kuma matsattsu ne, ki shiga gabanta ta dafa kafaɗarki. Magungunanta su kasance a jakar hannu da takardar likita, a otal kuma ki roƙi ɗaki a hawa na ƙasa saboda ranar Asabaci akwai lif da ke tsayawa a kowane hawa da kansa, jira yake sa wa.

Galilin da take so kuwa shi ne ya fi sauƙi, kuma shi ne wurin da ba a gardama a kansa, tafkin nan dai shi ne, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa 13, yana kwance wajen mita 210 ƙasa da teku da tuddai kewaye da shi, shi ya sa iska take faɗo masa ba zato. A Kafarnahum fili ne shimfiɗaɗɗe, za ta ga majami'ar farin dutse da aka ɗora a kan harsashin baƙin dutse mafi tsufa, 'yan taku kaɗan kuma ga kufan gidan da masu bi na farko suka riƙe a matsayin gidan Bitrus. A Ginosar ki kai ta ta ga jirgin katako na zamanin Yesu da aka ciro daga laka a 1986 lokacin da ruwa ya janye, tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, ta ƙiyasta mutum goma sha uku a ciki da raƙuman ruwa suna dukansa. In kun shiga jirgin yawo ku roƙi matuƙin ya kashe inji da kiɗa a tsakiyar ruwa ko na minti biyar ne, ki karanta mata Markus 4 daga aya 35. Sannan a Tabga, bayan ɗan cocin baƙin dutse da ke bakin ruwa inda ake tunawa da Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, akwai tsakuwa har cikin ruwan, ki nemo mata wurin zama ki cire mata takalmi ta sa ƙafa a ciki, ki buɗe Yahaya 21, in 'yan ƙungiya suna sauri ki gaya wa jagoran tun da wuri cewa Mama tana bukatar minti goma a nan.